Razorback: Yadda ƙura da haske suka raya fim ɗin ƙaton aladen daji

A filinmu na fina-finai na makon jiya, wani mai saurare ya aiko mana da tambayar da ta tsaya mana a rai. Ya ce shi dai ya rasa gane dalili: fina-finan dodanni na yanzu, waɗanda ake haɗa dabbar da kwamfuta har kana iya ƙirga haƙoranta, ba sa hana shi barci, amma wasu tsofaffi da ya gani tun yana yaro a gidan bidiyo har yau in ya tuna sai tsikar jikinsa ta tashi. Mintin da muke da shi a iska bai ishe mu ba shi amsa ba, shi ya sa muka kawo zancen nan. Za mu ɗauki fim guda mu warware shi, wato Razorback, fim ɗin ƙasar Ostireliya na shekarar 1984.

Wane fim ne wanga?

Razorback suna ne da Turawa ke kiran aladen daji da shi, saboda tsinin gadon bayansa da gashin da ke miƙewa a kai. Asalin aladun Ostireliya na gida ne. Turawa suka shigo da su cikin jiragen ruwa tun daga shekarar 1788, wasu suka kuɓuce suka shiga daji, suka hayayyafa har suka kai miliyoyi. Suna ɓarna a gonaki, suna ɓata wuraren shan ruwa, har ƴaƴan tumaki suna ci. Ke nan tun kafin a yi fim, manomi da makiyayin can sun san wannan dabba da sharri. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya ɗauki guda ya kumbura shi har ya kusa girman karkanda.

An ɗauko labarin daga wani littafi na Peter Brennan, Everett De Roche ya mai da shi rubutun fim, Hal McElroy ya shirya. An ɗauki yawancin hotunan a kewayen Broken Hill, wani garin haƙar ma'adinai da ke can cikin busasshen yankin jihar New South Wales. Wanda ya ba da umarni shi ne Russell Mulcahy, mai ɗaukar hoto kuma Dean Semler. Ku riƙe sunayen mutum biyun nan, don kusan duk abin da za mu faɗa a ƙasa aikin hannunsu ne.

Labarin a taƙaice

Fim ɗin ya buɗe da dare. Wani tsoho mai suna Jake Cullen yana renon jikansa a gidansa da ke bakin daji, sai wani abu ya faso bango ya ratsa ɗakin, ya yi awon gaba da yaron. Tsohon ya ce alade ne. Ba wanda ya yarda. Aka kai shi kotu bisa zargin shi ya kashe jikan nasa, aka sake shi don babu hujja, amma mutanen gari sun riga sun yanke masa nasu hukuncin. Daga ranar ya zama ba shi da wani aiki sai farautar aladu.

Bayan shekara 2 wata ƴar jarida Ba'amurkiya, Beth Winters, ta zo garin, wanda a fim ake kira Gamulla, don ta yi rahoto kan yadda ake karkashe kangaru, dabbar nan mai tsalle da ke goya ɗanta cikin aljihun ciki, ana niƙa naman ana zubawa a gwangwani don abincin karnuka. Masu wannan aiki wasu ƴan uwa ne guda biyu, Benny da Dicko Baker, marasa imani. Suka tare ta da dare a hanya suka ci zarafinta, ƙaton aladen ya iso, su suka gudu suka bar ta. Aka ce wai rami ta faɗa. Mijinta Carl ya taso daga Amurka neman gaskiyar abin da ya faru, ya haɗu da tsoho Jake da wata matashiya mai binciken aladu, Sarah Cameron. Ƙarshen labarin a cikin masana'antar naman yake, kuma ba za mu ɓata muku shi ba.

In kun lura, labarin ba sabo ba ne. Shekara 9 kafin nan Steven Spielberg ya yi Jaws, wanda mu nan muka fi sani da sunansa na Faransanci, Les Dents de la mer: ƙaton kifi, ƙaramin gari, da tsohon mafarauci mai riƙo a zuci. Fina-finai da yawa sun kwaikwayi wannan tsari da kada, da beyar, da maciji, yawancinsu an manta da su. To me ya sa na aladen ya rayu?

Dabbar da ba a cika gani ba

A shekarar 1984 ba a yin dabba da kwamfuta kamar yadda aka yi macijin Anaconda a wasu wurare cikin 1997. Sai dai a ƙera ta da ƙarfe da roba da gashi, a sa mata inji a ciki. Masu Razorback sun ƙera aladu iri-iri don wurare daban-daban na fim ɗin, ƙarƙashin jagorancin Bob McCarron. An ruwaito cewa mafi tsadarsu ya ci kusan dala 250,000, amma a cikin fim ɗin da ƙyar ake ganinsa na ɗan ƙiftawar ido. Dalili kuwa, in kyamara ta daɗe a kansa cikin haske, ɗan yaro ma zai gane roba ce.

Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da Mulcahy ya ga dabbar ba za ta jure kallo ba, sai ya yanyanka ta. A nan ka ga haure ya wuce ta gaban fitila. Can ka ga ido guda cikin duhu. Wani wurin numfashi ne kawai ke fita daga hanci kamar tururin tukunya, ko wata ƙatuwar inuwa a kan tudu da rana a bayanta. Sau da yawa ma kyamarar ce ke zama aladen: a sauke ta ƙasa daf da ciyawa, a ruga da ita wajen mutum, mu masu kallo mu zama muna gani da idon dabbar. Kowane guntu ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu an yanke.

Me ke faruwa a kan mai kallo? Shi ke haɗa guntayen da kansa. Kuma abin da zuciyarka ta ƙera maka ya fi duk wanda maƙeri zai ƙera ban tsoro, don ta san abin da kake tsoro. Mun san wannan tun muna yara. Cikin tatsuniyoyin da kakanninmu ke yi mana da dare, wa ya taɓa faɗa mana tsawon Dodo ko launin jikinsa? Sai dai a ce ƙasa ta girgiza, a kwaikwayi muryarsa, mu kuma mu ƙanƙame juna. An ce gani ya kori ji, amma a fagen ban tsoro gani sosai shi ke korar tsoron. Spielberg ma abin da ya same shi ke nan: injin kifinsa ya yi ta lalacewa cikin ruwan teku, dole ta sa ya ɓoye shi har fim ya yi nisa.

Haske, hayaƙi da launi

Ɓoye dabba kaɗai bai isa ba. In ka cire ta daga allo, dole ka cika wurin da wani abu. Nan ne tarihin Mulcahy ya yi masa rana. Kafin Razorback, aikinsa shi ne bidiyon waƙa. Shi ya yi bidiyon waƙar ƙungiyar Buggles, wanda tashar MTV ta buɗe shirye-shiryenta da shi ranar 1 ga Agusta 1981, ya kuma yi wa ƙungiyar Duran Duran bidiyoyi da dama. Mai bidiyon waƙa minti 3 ko 4 gare shi ya kama idon mutum, don haka kowane hoto sai ya zama abin tsayawa a kalla. Wannan ɗabi'a ya shigo da ita fim mai tsawon kusan minti 95. Shi kuwa Dean Semler ya riga ya san yankin, don a nan kewayen Broken Hill ya ɗauki Mad Max 2 na shekarar 1981.

Dabararsu ta farko ita ce haske daga baya. A maimakon a haska fuskar mutum, sai a ajiye babbar fitila a bayansa tana fuskantar kyamara. Mutum ya koma baƙar inuwa mai farin gefe. Bishiya busasshiya ta koma kamar hannun aljani. Shingen waya, injin jan ruwa mai aiki da iska, tsohuwar mota, duk su zama wasu halittu.

Ta biyu ita ce hayaƙi da ƙura. Haske ba ya ganuwa a iska mai tsabta, sai ya samu abin da zai kama. Duk wanda ya taɓa ganin fitilar babbar mota tana keta hazo a kan hanya lokacin hunturu ya san abin da muke nufi: hasken kan zama kamar sanda, kana ganin tsawonsa, amma ba ka ganin abin da ke bayansa. Semler ya cika dararen fim ɗin da hayaƙi, ya harba fitilu ta cikinsa. Wani lokaci in ka tambayi kanka daga ina wannan haske ya fito a tsakiyar daji inda babu lantarki, ba amsa. Su ma ba su damu su ba ka amsa ba. Abin da suke so shi ne ka ji wurin ba irin duniyar da ka sani ba ce.

Ta uku ita ce launi. Rana a Razorback ja ce da ruwan ɗorawa, kamar an ɗora garin a kan murhu. Dare kuma shuɗi ne mai sanyi kamar ƙarfe. Ido ba ya samun launin hutawa, babu koren ganye mai kwantar da rai. Ga kuma faɗin allo: an ɗauki fim ɗin da hoto mai faɗi ƙwarai, sai a ajiye mutum ɗan ƙarami a gefe guda, sauran duk fili da sama. Kana kallo kana jin cewa ko ya yi ihu ba mai jin sa.

A kan wannan duka aka ɗora kiɗan Iva Davies, jagoran ƙungiyar Icehouse, wanda ya yi shi da na'urar kiɗa ta lantarki. Sauti ne mai kama da kukan iska da gurnani, har wani wuri ba ka iya rabe kiɗa da numfashin dabbar.

Tafiyar Carl cikin hamada

In ana zancen Razorback, akwai wurin da masoyansa ba sa tsallakewa. Ƴan uwan nan biyu sun ɗauki Carl farautar kangaru da dare a motarsu mai fitilu da ƙugiyoyi, suka watsar da shi a daji. Garken aladu ya biyo shi, ya haye injin jan ruwa ya kwana a sama, aladun suka yi ta tunkuɗar ƙafafun injin har ya faɗi cikin tafki. Da ya tsira, ya kama tafiya a ƙasa ba ruwa ba inuwa.

Daga nan fim ɗin ya saki hanyar labari ya shiga cikin kan mutumin da ƙishirwa ke neman kashewa. Ƙasa ta tsattsage kamar tsohon kasko. Launin sama ya canja. Ƙwarangwal ɗin doki ya taso daga ƙasa ya biyo shi. A wani hoton dare wata biyu ne a sama. Ba aladen a wurin, ba magana, amma mutane da yawa sun fi tuna mintunan nan da duk wani harin dabbar. Mu da muke zaune a bakin Sahara ba sai an yi mana bayanin kawalwalniya ba, ko abin da rana ke yi wa hankalin matafiyin da ruwansa ya ƙare. A nan za ka gane cewa babban dodon fim ɗin shi ne dajin kansa, aladen ɗan aikensa ne.

Kada ku ɗauka kuma babu dariya. Akwai inda wani mutum ke zaune yana kallon talabijin, aladen ya faɗa tarkon da aka ɗaure da sarƙa a jikin gidan, ya ja, ya tafi da kusurwar ɗakin gaba ɗaya har da talabijin ɗin tana ci gaba da magana, mai gida na zaune a kujera baki buɗe. Irin wannan haɗin tsoro da shaƙiyanci na cikin abin da ya sa ake maimaita kallonsa.

Abin da ke ƙarƙashin labarin

Mu da muka sake kallonsa don shirya wannan rubutu, abin da ya fi damun mu ba aladen ba ne, mutanen ne. Dabba yunwa ke korarta. Benny da Dicko kuwa mugunta suke yi suna dariya. Masana'antarsu, da gawarwakin dabbobi rataye a ƙugiya, da jini a ƙasa, da tururi da hasken da ke ratsowa ta fanka, ta fi kowane kogon dodo muni. Kusan duk mutuwar da ke cikin fim ɗin, sai da hannun ɗan Adam ya buɗe wa dabbar ƙofa.

Sannan farkon fim ɗin ya taɓo wani miki na gaske a Ostireliya. Ranar 17 ga Agusta 1980, jaririya Azaria Chamberlain, ƴar mako 9, ta ɓace daga tantin iyayenta kusa da dutsen Uluru. Mahaifiyarta Lindy ta ce karen daji da ake kira dingo ne ya ɗauke ta. Jama'a da yawa ba su yarda ba, kuma a 1982 kotu ta yanke mata ɗaurin rai da rai. Lokacin da Razorback ya fito tana gidan kaso. Sai a 1986 aka sake ta bayan an tsinci rigar jaririyar a daji, a 1988 aka soke hukuncin, a 2012 kuma hukuma ta tabbatar a rubuce cewa dingo ne ya kashe yarinyar. Duk ɗan Ostireliyan da ya zauna a sinima a 1984 ya ga tsoho Jake a gaban alƙali yana rantsuwa cewa dabba ce ta ɗauki jikansa, ya san da wa ake. Fim ɗin ya nuna wa mai kallo gaskiyar tsohon tun a mintin farko, sannan ya bar shi ya kalli gari guda yana ƙaryata shi.

Yaya aka yi ya samu masoya?

A kasuwa Razorback faɗuwa ya yi. An kashe masa kimanin dalar Ostireliya miliyan 5 da rabi, abin da ya samo a gidajen sinima na ƙasar bai kai miliyan 1 ba. Wasu masu sharhi sun ce kyan hoton ya fi ƙarfin labarin, kuma ba za mu ce sun yi ƙarya ba: jarumin ba shi da wani armashi, tsakiyar fim ɗin na jan ƙafa, a ƙarshe kuma da aka nuna aladen da ɗan yawa, robar ta tona kanta. Amma a bikin kyaututtukan fim na Ostireliya na shekarar ya ci kyautar ɗaukar hoto da ta tace hoto.

Kaset ɗin bidiyo ne ya ba shi rai na biyu. Mutane suka riƙa haya suna kallo a gida, wannan ya faɗa wa wancan, har ya tara ƴan gani-kashe-ni a ƙasashe da dama. Irin wannan ne Turawa ke ware wa suna na musamman: fim ɗin da bai yi kasuwa ba ranar fitowarsa, amma ƴan tsirarun da suka so shi suka riƙe shi shekara da shekaru. Mulcahy ya wuce ya yi Highlander a 1986 tare da Christophe Lambert da Sean Connery. Semler ya ci kyautar Oscar da fim ɗin Dances with Wolves na 1990. A 2008 kuma Mark Hartley ya yi fim ɗin tarihi mai suna Not Quite Hollywood kan fina-finan tsoro da faɗa na Ostireliya na wancan zamani, ya sake tuna wa sabbin masu kallo da shi.

Amsarmu ga mai tambaya

To malam, ga abin da muka gano. Kwamfuta ta ba masu fim ikon nuna komai, da yawansu kuma sai suka nuna komai, ba su bar wa zuciyarka aikin yi ba. Mutanen da injinsu ya ƙi aiki dole ta sa suka koyi ɓoyewa, suka nemi taimakon inuwa da sauti da yanayin wuri. Ba kowane tsohon fim ne ya iya wannan ba, akwai kuma sabbin da suka iya. Amma inda duk ka ji tsoro ya bi ka har gida, ka duba, za ka tarar an bar maka wani abu a duhu.

Wannan zance ya shafi ƙannenmu masu ɗaukar gajerun fina-finai da wayar hannu, waɗanda kullum kukansu rashin kuɗi da kayan aiki. Masu Razorback sun fi ku kuɗi nesa ba kusa ba, amma abin da ya fi tsada a wurinsu shi ne ya fi ba su kunya, abin da ya cece su kuwa fitila ce da hayaƙi da sanin inda za a tsayar da kyamara. Su sai da suka kunna injin hayaƙi. Mu nan hazo na zuwa mana kyauta duk shekara. Ku gwada ajiye tocila a bayan ɗan wasa a maimakon gabansa, ku ga abin da zai fito.

Sai gargaɗi ga iyaye: fim ɗin nan ba na yara ba ne. Akwai jini, akwai kisan dabbobi, akwai wurin cin zarafin mace, ga kalamai marasa daɗi. Wanda kuma ganin alade kawai ke tayar masa da zuciya, ya haƙura, bayanin da muka yi ya wadatar. Waɗanda suka taɓa kallonsa, ko suke da wani tsohon fim da har yau bai sake su ba, ku aiko mana da saƙo ta lambobin da muka saba, za mu karanta a filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.